Sandar Baba Modu

Baba Modu bai taɓa gaskata allurar awo ba sai ya ƙwanƙwasa mata. Sau uku, da gindin fensir: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sa'an nan ya sunkuya, ya runtse ido ɗaya, ya karanta. Ku da muka zauna aji ɗaya kun san hujjarsa, cewa allura takan maƙale kaɗan a hanya, sai an girgiza ta take ƙarasawa inda ya kamata ta tsaya. A ɗakin gwajin ƙarafa na sashenmu, inda ya shekara talatin da ɗoriya yana kula da na'urori, wannan ilimi ne. Abin takaicin shi ne bai bar ilimin a ɗakin gwaji ba. Ya ƙwanƙwasa sikelin mai nama a kasuwar Gamboru. Ya ƙwanƙwasa agogon bangon ofishin shugaban sashe, shugaban kuwa yana zaune a ƙarƙashinsa. Matarsa, Ya Falmata, ta shaida mini cewa a jinyarsa ta ƙarshe ma'aikaciyar asibiti ta ɗaura masa abin awon jini irin mai allura, ta duba ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai." Sai ya miƙo ɗaya hannun ya ƙwanƙwasa gilashin. Allura ta ƙara hawa.

Ya ce, "Yawwa. Yanzu a rubuta. Ɗazu an rage mini."

Kwana huɗu bayan nan Allah Ya yi masa rasuwa.

'Yan'uwana, tun ranar da na sanar a zauren ajinmu na waya cewa sashe ya ƙudura fitar da na'urar jan sanda domin a mai da kusurwarta ofis, kuke ta aiko mini da tambaya. Shugaban sashe ya gindaya sharaɗi ɗaya: a kawo masa rahoton gwaji da ke nuna cewa na'urar tana aiki daidai kafin ƙarshen mako, sai a bar ta. In ba haka ba, a ba 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Da yake ni ne nake zaune a Gomari ba aiki ba dalili tun da muka gama, ni kuka wakilta, Rifkatu kuma ta ɗauki hutun kwana biyu daga makarantar da take koyarwa ta zo ta taya ni. Zan faɗa muku yadda aka ƙare. Amma ku yi mini haƙuri in fara da mai na'urar, domin ba na zaton wani zai sake zama ya rubuta shi.

Ga waɗanda aikin banki da sayar da wayoyi suka mantar da su, bari in tuna muku abin da ake magana a kai. Firam ne na ƙarfe wanda bai kai tsawon tebur ba. A cikinsa akwai sandar alminiyam siririya, a kwance, da huda a kowane ƙarshenta. Hudar ba a tsakiyar faɗin sandar take ba, da gangan aka gusa da ita gefe. Idan aka murɗa mariƙin na'urar, sai ta ja sandar daga ƙarshen nan biyu, kuma tun da jan bai bi ta tsakiya ba, sandar ba ta tsayawa a miƙe, lanƙwasa take yi kaɗan. Agogon awo mai allura da aka jingina a tsakiyarta shi ke nuna yawan lanƙwasar, kowane zane kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita. Ido ba ya ganin komai. Irin wannan sandar ce a manyan gine-gine take riƙe ƙafafun rufi kada su baje. Shi ke nan. Wannan ɗan abu ne Baba Modu ya ba rayuwarsa.

Kun tuna ranar da muka fara shiga wurinsa? Watan Afrilu ne, da tsakar rana, irin zafin da kwalta ke manne wa takalmi. Wuta kuwa akwai, abin da ba kullum ake samu ba. Muna shiga ya ce, "Lale, lale," ya miƙa hannu ya kashe fanka, ya bi tagogi ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Wai iska tana kaɗa allura. Mu goma sha biyu muka tsaya muna tsiyaya. Rifkatu, wadda tun daga Biu ba ta zo da tsoron kowa ba, ta ce, "Baba, za mu suma fa!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Suma daga can baya. Kada ka faɗo mini a kan tebur."

Shekara huɗu yana ce wa Rifkatu "kai", yadda Barebari da yawa ke yi wa Hausa, shekara huɗu kuma abin yana sukar raina ban sami ƙarfin halin gyara masa ba. Ni kuwa suna ya raɗa mini tun ranar, Mai Labarai, wai idan na buɗe baki sai ya ji kamar an kunna rediyo.

Abin da ya haɗa ni da shi kunya ce, kuma gara ku ji ta daga bakina. Mun yi gwajin, muna ƙara ja muna rubuta abin da allura ta nuna. Da na koma gida na yi lissafin da ke cikin littafi, sai na ga bai zo daidai da awonmu ba. Lissafin yana cewa idan ka ninka ja, lanƙwasa ma ta ninka, wato zanen ya tafi a miƙe. Awonmu kuwa yana farawa tare da shi, sa'an nan ya riƙa zamewa ƙasa, ja yana ƙaruwa tazarar tana ƙaruwa. Na ce a raina zafi ne ya sa muka karanta ba daidai ba. Ni mutum ne mai son abu tsaf. Sai na goge lambobinmu, na sa na lissafi a gurbinsu, na ƙara ɗigo a nan na rage a can domin kada abin ya yi kyau da yawa. Na zana layi da sabon fensir. Wallahi ban ɗauke shi maguɗi ba, gyara na ɗauke shi.

Babu rahoton da ke zuwa hannun malami sai Baba Modu ya sa hannu. Ya ɗaga takardata ta fuskar taga, ya ɗora ma'auni a kan layin, ya daɗe yana kallo.

"Mai Labarai, zo. Wannan layi naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Kai, kyakkyawa! Miƙaƙƙe kamar hanyar filin jirgi. Wa ya haife shi?"

"Na'ura ce, Baba."

"Na'urata? Shekara talatin muna tare ba ta taɓa haihuwar miƙaƙƙe ba. 'Ya'yanta duka da ƙusumbi suke zuwa. Wannan ɗan kalkuleta ne."

Aji ya ɗauka da dariya, Rifkatu har da riƙe ciki. Ni kuwa na fara bayani cikin ladabi cewa littafi ya tabbatar, ya katse ni da maganar nan tasa da kuka sani.

"Takarda ta ce. To, ƙarfe me ya ce?"

Daga nan ya zare tsinke daga tsintsiya, ya ɗaura masa zare a gefe, ya ja, ya nuna mini abin da malamai uku ba su nuna mini ba. Idan sanda ta lanƙwasa, cikinta matsowa yake yi kusa da hanyar da jan ke bi. Da ya matso kuwa, tazarar da ke sa ta lanƙwasa ta ragu ke nan. Saboda haka kowane ƙarin ja, ƙarin lanƙwasar da yake kawowa bai kai na baya ba. Lissafin farko na littafi bai kula da wannan ba, sandar kuwa ba ta mantawa. Ashe lambobin da na goge su ne na gaskiya, ƙusumbin nan da na ji kunyarsa shi ne darasin gaba ɗaya.

Bai kai ƙarata ba. Abin da ya yi ya fi ƙara ciwo. Ya manna takardar a bango da ƙusa, da sunana da lambata, ya rubuta a ƙasa da jan biro: Ɗan Kalkuleta. Kowace shekara sababbin ɗalibai sai sun yi mata ziyara kafin su taɓa na'ura. Har a keken haya wani yaro ya taɓa leƙo fuskata ya ce, "Yallaɓai, ba kai ne na bango ba?"

Zancen tsiminsa kuwa, ai kun fi ni sani. Sanda uku aka kawo tare da na'urar tun kafin a haife mu. Biyu sun lalace a hannun waɗanda suka gabace shi, saura ɗaya, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Ya ɗiga jan fenti a kan agogon da ke nuna ƙarfin ja. Ƙasa da wannan ɗigo, in ka saki sanda za ta koma yadda take. In ka wuce shi, ta lanƙwashe ke nan har abada. Wata rana wani sabon dakta da ya dawo daga karatu a ƙasar waje ya shigo da mu, yana ta Turanci, ya kama mariƙi yana murɗawa, ya ce yana son mu ga yadda ƙarfe ke sallamawa. Allura ta doshi jan ɗigo. Baba Modu ya matso a hankali, ya ce, "Dakta, gafara kaɗan." Ya kwance mariƙin daga jikin na'ura, ya jefa a aljihun kaftaninsa, ya nufi ƙofa.

"Ina kuma za ka, Baba?"

"Azahar."

"Azahar? Yanzu fa goma na safe!"

"Masallacin da nisa, Dakta."

Bai dawo ba sai biyu da rabi. Tun daga ranar, mariƙin nan bai sake kwana a makaranta ba. Da shi yake zuwa, da shi yake komawa Mafoni, yana jan aljihun kaftaninsa ƙasa, har telansa ya gaji ya riƙa ninka masa aljihun dama.

Sai kuma labarin rumfa, wanda da yawanku ba ku sani ba sai ranar makoki. Mutanen layinsu sun haɗu sun yi wa masallacin unguwa rumfar kwano saboda sahun waje. Mai waldan da aka ɗauko, domin sauƙin aiki, ya liƙa ƙarafan da ke ɗaure ƙafafun rufin a gefen mahaɗa, bai sa su a tsakiya ba. Baba Modu ya zo ranar da aka gama, ya ɗaga kai, ya yi salati.

"Wa ya yi wannan? Ja a gefe! Abin da nake nuna wa yara da safe, shi kuka rataya a kan mutane?"

Mai walda ya ce, "Baba, rumfa nawa na yi a garin nan, ko ɗaya ba ta faɗi ba."

"Ka auna?"

"Me zan auna?"

"To, ba ka sani ba. Sa'a ce take maka aiki, kai kana karɓar lada."

Daga ranar bai sake shiga ƙarƙashin rumfar nan ba. Yakan shimfiɗa dardumarsa a ƙarshen sahu, inda inuwa ta ƙare, rana tana dukansa. Duk Juma'a da hantsi kuma sai ya zo da tsani da zare da ma'auni, ya hau, ya ja zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya auna tazarar tsakiya, ya rubuta a bayan kalanda. Liman ya gaji ya kira shi gefe.

"Baba Modu, haba. Ka dogara ga Allah mana, ka shigo inuwa."

"Na dogara ga Allah, Liman. Mai waldan ne ban dogara gare shi ba."

Rumfa tana nan a tsaye har yau. Shi ne ya tafi. A ƙarƙashinta ma aka yi zaman makokinsa, kuma duk wanda ya zo ranar ya ga abin da na gani: dattawan unguwa a inuwa, sa'an nan can a rana wasu mutane sun fi ashirin, har da masu manyan motoci, sun tsugunna suna share gumi suna satar kallon sama. Babu wanda ya ce mana mu zauna a can. Da hakan muka gane juna, mu da muka san shi a ɗakin gwaji.

To, yanzu ga yadda aka ƙare.

Ranar Alhamis da safe muka shiga ɗakin gwaji ni da Rifkatu. Mariƙin yana jikin na'ura, abin da ya fara tayar mini da hankali ke nan. Magatakardan sashe ya ba mu labari. Ranar da za a kwantar da Baba Modu a asibiti, ɗaliban shekara ta biyu suna da jarrabawar gwaji. Ya ƙi yarda su rasa ta saboda shi, sai ya aiko Ya Falmata da mariƙin a ƙunshe, da saƙon cewa a kula da jan ɗigo. Wanda aka sa ya tsare ɗaliban aka kira shi taro. Su kuwa suka ga allura tana juyawa gwanin sha'awa, suka yi ta murɗawa suna ɗauka a waya har mariƙin ya ƙi tafiya.

Muka saita allura, muka fara ja, Rifkatu tana karantawa ina rubutawa. Tun daga awo na uku ta ɗago ta kalle ni. Lambobin ba su ko kusanci abin da muka sani ba. Muka sake, muka kuma sakewa. Daga baya muka kwance sandar muka kafa ta a kan gefenta bisa teburin ƙarfe. Haske yana wucewa ta ƙarƙashinta. Hudojin ma sun ja sun zama kamar ƙwai. Ba a bukatar agogo, da ido ake gani.

Rifkatu ta ce, "Mu kai ta Gamboru a buga mata guduma."

Na ce mata ƙarfen da aka buga ba zai sake faɗar abin da ya faɗa a da ba, ita ma ta sani. Duk da haka muka tafi, ba don guduma ba, don neman irinta. Mun yini muna yawo daga masu tagogin alminiyam zuwa masu narka tukwane. Wani ya miƙo mana ƙafar eriya. Wani ya ce mu dawo bayan salla. Babu wanda ya san irin haɗin ƙarfen, balle ya yanka mana shi daidai kafin wayewar gari.

Ranar Juma'a na kai rahoto. Shafi huɗu ne, da zane, da lambobi yadda suka fito, a ƙasa kuma na rubuta cewa firam da agogo lafiyarsu ƙalau, amma sandar ta lalace, saboda haka na'urar ba ta ba da awo na gaskiya. Ku sani shugaban sashe ba mugu ba ne. Shi ma a rana ya zauna ranar makoki. Ya tsallake shafi uku, ya karanta layin ƙarshe, ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Kai kuwa wane irin mutum ne? Wa ya ce maka zan duba lambobi? Layi ɗaya nake so in nuna wa na sama da ni: tana aiki. Shi ke nan. Idan na kai musu wannan, ka ɗaure mini hannu."

Na ce, "Yallaɓai, ko za a ba mu lokaci a nemo wata sandar?"

"Lokacin ai shi ne wannan makon. Shekara nawa marigayi yana rubuto takardar neman sabuwa? Suna cikin durowar nan."

Ya zaro farar takarda ya ajiye a gabana, ya ɗora biro a kai. Ya juya ya fuskanci taga, wai yana duba waya.

Rifkatu ta taka mini ƙafa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Rubuta mana. Layi ɗaya ne fa. Don Allah, Mai Labarai, yau ɗaya dai ka daina zama rediyo." Idonta ya kawo ruwa, ni kuwa ban taɓa ganin haka daga gare ta ba.

Na ɗauki biron. Ina gaya muku gaskiya, na ɗauka, har na rubuta kwanan wata. Sai na tuna cewa idan aka bar ta, baɗi wasu yara za su tsaya a gabanta su ja lanƙwasasshiyar sanda, su rubuta abin da ta ba su, kuma babu kowa a ɗakin da zai ce musu ba haka ba ne. Za su fita da shi a kansu su je su yi wa mutane rufi. Na ajiye biron. Na ba shugaban haƙuri, ya ce babu komai, bai juyo ba. Rifkatu ba ta yi mini magana ba har muka rabu a bakin titi, kuma har yanzu ba ta amsa saƙona ba.

Jiya Asabar 'yan gwangwan suka zo da baro. Minti kaɗan suka ɗauka. Firam ɗin suka jefa cikin baƙin ƙarfe, sandar kuma suka ware ta gefe, suka ce ita ta masu tukwane ce. Na tsaya har suka fita daga ƙofar makaranta. Ban san me nake jira ba.

Daga can na wuce Mafoni, domin bai dace Ya Falmata ta ji daga bakin wani ba. Na same ta a tsakar gida tana takaba. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da farar takardar da na ƙi rubutawa. Na ce mata ni ne sanadi, kuma ban sani ba, da yana nan, ko albarka zai sa mini ko kuwa ba zai sake kallona ba. Ta ci gaba da jan carbinta.

Can ta ce, "Shi ma ai ɗauka aka yi aka fita da shi, ɗana. Tashi ka sha ruwa, ka sha rana."

Na sha. A nan ne kukan da ban yi ranar jana'iza ba ya zo mini.

Wanda ya ga na yi kuskure a cikinku, ya yafe mini, ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Allah Ya jiƙan Baba Modu, Ya haskaka makwancinsa, Ya yalwata masa shi. Ranar da za a kafa mizani, Allah Ya sassauta masa fiye da yadda shi ya sassauta mana. Allah Ya ba Ya Falmata haƙuri, Ya dafa mata. Mu kuma da aka bari, Allah Ya sa mu cika da kyau. Amin.